Anti, na yi masa da baki, ga shi gwajin aure ya matso

Ga saƙon da wata baiwar Allah ta turo min, na taƙaita shi kaɗan:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Shekarata 24, a Kano nake, an sa ranar aurena saura wata biyu. Kafin wanda zan aura akwai saurayin da muka daɗe tare, bamu taɓa saduwa ba saboda ina tsoron rasa budurcina, amma ya sha sa ni in yi masa da baki, kuma akwai lokutan da ya kawo a bakina. Rabona da shi wata biyar kenan. Kwanaki wata ƙawata take ce min wai an gan shi a asibiti ɓangaren masu karɓar maganin ƙanjamau. Tun ranar bana barci, na rame, maƙogwarona na ciwo, harshena yayi fari, na sha kafso kala kala daga kemis ba sauƙi. Ga shi an ce sai mun yi gwaji kafin a ɗaura. Anti ana ɗaukar cutar nan ta baki? Kuma in mijina ya nemi irin haka bayan aure ya zan kare kaina?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah sarki, na ji irin halin da kike ciki, dan haka bari in fara da amsar da ta hana ki barci kafin mu shiga dogon bayani. Eh, ana iya ɗaukar HIV ta saduwa da baki, amma yiwuwar hakan kaɗan ce ƙwarai da gaske, a duk hanyoyin saduwa ita ce ta ƙarshe wajen haɗari. Na biyu kuma, tunda wata biyar ne rabonki da shi, duk gwajin da kika yi yanzu amsar ƙarshe zai ba ki, babu wani jiran a sake ko a gani, ko gobe da safe kika je an gama magana.

Bari in nuna miki da lissafi dan kar ki ɗauka lallashinki kawai nake. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tattara bincike ta fitar da ƙiyasi, cewa in aka yi saduwa sau 10,000 da mai ɗauke da cutar wanda baya shan magani kuma ba kwaroron roba, to wanda aka sadu da shi ta dubura kusan sau 138 za a samu kamuwa, macen da aka sadu da ita ta gaba kusan sau 8, namijin da ya sadu da mace mai cutar kusan sau 4. Da suka zo kan na baki basu iya sa lamba ba ma, sai dai suka ce haɗarin ƙanƙani ne, saboda waɗanda aka tabbatar ta nan kaɗai suka kamu basu da yawan da za a yi lissafi da su. Akwai kuma binciken da aka yi a Madrid ta ƙasar Sifen aka wallafa a 2002, sun bibiyi mutum 135 marasa cutar waɗanda abokan zamansu ke ɗauke da ita, in za su sadu ta gaba suna sa kwaroron roba amma na baki basa sa komai, aka ƙirga an yi na bakin sama da sau 19,000, kuma ko mutum ɗaya bai kamu ba. Kar wani ya karanta wancan 8 ɗin ya ce ashe ma abin ba komai bane, matsakaicin lissafi ne, akwai wadda a karon farko ta kamu, kuma yau da gobe yana taruwa. Amma ke da tambayarki ta baki ce, lissafin yana tare da ke.

Dalilin da yasa haka, ita wannan ƙwayar cutar a jini take zama, da maniyyi, da maziyyi wato ruwan nan da yake fitowa namiji kafin ya kawo, da ruwan gaban mace, da ruwan dubura, da nonon uwa. Miyau baya yaɗa ta, asali ma Allah ya sa masa wasu sinadarai da suke raunana ta, shi yasa ba a ɗauka ta sumba ko haɗa kofi ko cin tuwo kwano ɗaya. Fatar cikin baki kuma ta fi ta cikin farji da ta dubura kauri da juriya, kamar katangar gida ce, in dai babu tsaga ɓarawo baya samun wajen shiga, abin da ya wuce ciki kuma ruwan cikin ɗan adam mai tsami ne yana kashe ta.

To a wajen tsagar nan maganar take, kuma nan nake so ki tsaya ki fahimta sosai saboda shi zai yi miki amfani har bayan aure. Ki lura da safe in kin yi asuwaki ko kin goge baki da buroshi kin tofar, kina ganin ja ja a cikin kumfar? Mutane da yawa suna gani kullum har sun ɗauke shi ba komai ba, alhali dasashi ne yake zubar da jini, kuma dasashin da ke zubar da jini ƙofa ce a buɗe. Haka wanda yayi sakace da tsinke bayan cin nama ya tsokano jini, haka mai gyambon baki irin farin ƙurjin nan mai zafi da yake fitowa a cikin leɓe ko gefen harshe, haka wanda aka cire wa haƙori kwanan nan ramin bai rufe ba, haka leɓen da hunturu ya fasa har yake jini in an yi dariya. In aka haɗa irin wannan bakin da maniyyin mutumin da cutar ta yi yawa a jininsa, a nan ne ƙaramin haɗarin nan yake ɗan ɗagawa. Yana ƙara ɗagawa in shi namijin yana da ƙurji ko gyambo a gabansa ko wani ciwon sanyi, ko kuma sabon kamu ne, dan a makonnin farko bayan mutum ya kamu cutar tana cika jini fal alhali shi bai ma san yana da ita ba. Kuma mai sa bakin shi ne a gaba wajen haɗari, wanda ake yi wa kusan babu abin da zai same shi ta fuskar HIV. In namiji ne ya sa baki a gaban mace nan ma haɗarin kaɗan ne sosai, sai dai in tana jinin al'ada.

Kinga ke kin faɗi gaskiya cewa ya kawo a bakinki, shi yasa ba zan ce miki babu komai ki share ba, gwaji ya zama dole. Amma dolen tabbatarwa ce, ba wai dan ina zaton kin kamu ba.

Maganar ƙawarki kuma, an ce wai an gan shi. Ƙanwata mutum yana zuwa ɓangaren nan dan ya raka wani, ko ya karɓo wa ɗan uwa, ko shima gwaji ya je yi, kuma a asibitoci da yawa ɗakunan a jere suke da na wasu cututtukan. Mu ɗauka ma gaskiya ne yana shan magani, to wallahi wannan labarin ya fi miki alheri a kan a ce yana da ita bai sani ba. Mai shan maganinsa kullum ba fashi, yawanci cikin wata shida ƙwayar cutar take raguwa a jininsa har na'ura ta daina ganinta, kuma in ya kai wannan matakin ya ci gaba da shan magani baya sa wa kowa ta hanyar saduwa. An yi babban bincike a Turai mai suna PARTNER, sakamakon 2016 ya nuna an yi saduwa kusan sau 58,000 ba kwaroron roba tsakanin masu cutar da magani ya danne ta da abokan zamansu marasa ita, ba a samu ko ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Wannan fa cikakkiyar saduwa ce ba ta baki ba. Abin tsoro shi ne wanda bai taɓa gwaji ba yana yawo yana cewa ai ni lafiyata ƙalau dube ni. Ana cewa ido ba mudu ba amma ya san kima, to a kan wannan cutar ido bai san komai ba, mutum zai shekara takwas ko goma da ita yana ƙiba yana sheƙi. Dan Allah kuma maganar ta tsaya a kanki, kar ki kai ta gaba, in ƙarya ce kin ɗau alhakinsa, in gaskiya ce kin tona asirin mara lafiya.

Sai alamomin da kika lissafo. Wanda ya kamu sabo, in alamu za su fito masa, tsakanin sati 2 zuwa 4 suke fitowa, zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, kaluluwa, ƙuraje a jiki, kamar mura ko maleriya, su yi kwanaki su wuce da kansu, wasu ma basa ganin komai. Ke naki sun fara ne bayan ƙawarki ta faɗa miki magana, wata da watanni bayan rabuwarku. Wadda bata barci bata cin abinci ga hidimar biki a gaba ai dole ta rame. Farin harshen nan kuma ina kyautata zaton kafson da kike ta sha ne suka jawo shi, dan maganin kashe ƙwayoyin cuta in aka sha shi barkatai yana kashe har masu amfani na cikin baki da na gaba, sai farin abu ya samu fili ya yaɗu, da yawa ma har da ƙaiƙayin gaba suke samu daga baya su ce sanyi ne su ƙara komawa kemis. Ki daina shan su daga yau, babu kafson kemis da yake kashe HIV ko ya hana ta, kuma ki daina shiga Google da tsakar dare kina duba harshe a madubi da fitilar waya, duk alamar da kika rubuta sai ya nuna miki ƙanjamau a ciki.

Shawarata da babbar murya ita ce kar ki jira ranar da za a haɗa ku da angon da wakilan dangi a tafi gwajin aure. Ki riga su. Ki je ke kaɗai cikin satin nan, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko ma ƙaramin asibitin gwamnati na wata unguwa da ba a san ki ba, ki ce kin zo gwajin HIV, ba wanda zai tsare ki sai kin ba da labarin rayuwarki, mata nawa suke zuwa kullum. Za a zaunar da ke, a goge kan yatsanki da auduga mai sanyi, a ɗan soke ki tsit kamar na gwajin maleriya, a ɗiga jinin a kan wani ɗan siririn tsinke a ƙara ruwan magani, ki zauna minti 15 zuwa 20 kina kallon jan yana tafiya a hankali. Layi ɗaya babu, layi biyu sai an sake da wani kalar tsinken daban kafin a ce komai, ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Irin wannan gwajin na yatsa ba ƙwayar cutar yake nema ba, sojojin da jiki ya ƙera dan yaƙarta yake nema, su kuma suna ɗaukar kwana 23 zuwa 90 kafin su bayyana, shi yasa ake cewa mutum ya sake bayan wata uku. Ke kin wuce wata ukun da wata biyu, naki ba sai an sake ba indai babu wani abin da ya faru a tsakani.

In kunya ta hana ki, akwai na gwada kai a gida da ake samu a manyan shagunan magani, OraQuick, ana goga shi a dasashi sama da ƙasa a tsoma a ɗan ruwan da ke cikin kwalbar a jira minti 20. Kar ganin ana gogawa a baki yasa ki ce ashe cutar na cikin miyau, a'a, shima sojojin jikin yake nema. In ya nuna layi biyu dole a je asibiti a tabbatar. Amma ni na fi so ki je asibitin, saboda akwai abin da ya fi HIV damuna a labarinki.

Cututtukan da suke bin baki cikin sauƙi ba HIV bace, wasu ne da ba a cika maganarsu ba. Ciwon sanyi mai fitar da mugunya yana zama a maƙogwaro, kuma yawanci shiru yake zama ba alama. Tunjere yana farawa da ɗan gyambo guda ɗaya mara zafi a leɓe ko harshe ko gaba kamar sati uku bayan an haɗu, ya warke da kansa mutum ya ce ai ya wuce, alhali ya shige jini, kuma in mace ta ɗau ciki da shi yana jawo ɓari ko haihuwar jariri ba rai ko jariri mai ciwo, ga shi allurar fenisilin ce take maganinsa tas in an gano. Akwai ƙurajen nan masu ruwa da suke fesowa a gefen leɓe bayan zazzaɓi, in mai su ya sa baki a gaban wani za su iya komawa can su zauna, suna tafiya suna dawowa. Akwai HPV mai kawo sankarar bakin mahaifa da ta maƙogwaro, wadda aka fara yi wa yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a Najeriya a watan Oktoban 2023, in kina da ƙanne a kai su. Sai ciwon hanta nau'in B, wanda ya fi HIV saurin kamawa nesa ba kusa ba, kuma babban binciken ƙasa na 2018 da ya nuna masu HIV kusan 1.4 ne cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49, shi ya nuna masu ciwon hanta B kusan 8 ne cikin 100 na manya. Kinga wanda muke gudu da wanda yake zaune a cikin gidajenmu. Dokar gwajin kafin aure da gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta haɗa da HIV da ciwon hanta B da C da jinotayif, dan haka in kin je ki ce a yi miki su duka har da na tunjere, ki kuma faɗa wa likita ko nas gaskiya cewa ta baki ne dan a duba maƙogwaron. Na san da nauyi a baki, amma jimla ɗaya ce, kuma sun ji wadda ta fi ta. In aka ga ba ki da ciwon hanta B ki nemi allurar rigakafinsa, guda uku ce cikin wata shida, ki fara tun kafin biki.

Yanzu tambayarki ta biyu, bayan aure. Hukuncin abin a addini fagen malamai ne kuma sun yi maganganu a kai, ki tambayi malamar da kika yarda da ita, ni ɓangaren lafiya zan tsaya. Abu na farko, kalmar da kika yi amfani da ita ta tsaya min a rai, kin ce ya sha sa ki. Samari da yawa da wannan suke cin galabar 'yan mata, ai ba komai bane, ai budurcinki na nan, ai ba ciki, in kina sona ki yi, yarinya ta yi tana ƙyama tana kuka a zuci. Ko a gidan aure abin da ranki baya so kina da bakin cewa bana so, cikin ladabi da hikima, kuma miji na gari zai saurara. In kuma ku biyun kuna so, to kariyar da ta fi kowacce ita ce ku san matsayin junanku da gaske kuma kowa ya tsare kansa. Mu faɗi gaskiya, ma'aurata kaɗan ne za su yarda su dinga sa kwaroron roba dan wasan baki, shi yasa nake dannawa a kan gwajin. Ku je tare, a ɗebi jinin a gaban juna, ku ga sakamako da idonku, kar ki yarda da takardar da aka kawo a ambulan an ce ai an riga an yi, ana sayen takarda. Shima gwajin nasa ba lallai ya ga abin da ya faru cikin wata ukun da suka wuce ba, dan haka ba laifi bane ku sake bayan wata uku da tarewa, sannan duk sanda kika samu ciki a wajen awo za a sake miki, kar ki ƙi. In gidan mata biyu ne ko uku to lafiyar ɗaya lafiyar duka ce, gwajin na kowa da kowa ne har uwargida, ba cin fuska bane.

In kuwa akwai shakka, misali mai yawan tafiye tafiye ne kuma zuciyarki bata kwanta ba, ko kin ga wani abu, to kwaroron roba tun daga farko har ƙarshe shi ne kariya, ba a tsakiya ba, saboda maziyyi ma yana ɗauke da cuta. In shi zai sa baki a gabanki ana iya yanke kan kwaroron da zoben a tsaga shi ta tsawo ya zama shimfiɗa a rufe wajen. Kar a shafa masa basilin ko man kitso ko wani mai, mai yana cinye roba ta fashe. In ba a sa komai ba to kar ya kawo a baki, in kuma ya riga ya faru a tofar nan take a kurkure da ruwa zalla, kar a riƙe shi a baki. Kuskuren da masu tsafta suke yi shi ne su ruga su dirje baki da buroshi da makilin dab da za a fara ko da an gama, wai dan su wanke cuta, alhali dirzar ce take fasa dasashi ta buɗe hanya, a bari sai an ɗan jima. Kar kuma a kurkure da Dettol ko wani abu mai ƙuna, ƙona fatar bakin yake ya bar ta a saɓule. Ranar da ɗayanku ke da gyambon baki, ko ƙurjin leɓe, ko ciwon maƙogwaro, ko an cire haƙori, ko kina al'ada, ko kika ga ƙurji ko ruwa mai wari ko mugunya a gabansa, a haƙura har a warke a ga likita, kuma in an ba da maganin sanyi ku sha tare, in ɗaya ya sha ɗaya bai sha ba dawowa yake. Dasashi mai jini kullum kuma a kai shi wajen likitan haƙori a wanke, ba ƙaramin abu bane. Tunda amarya ce ke bari in ƙara da wannan, kayan matsi da ake cusawa a gaba lokacin gyaran jiki, masu sa wajen ya bushe ko yayi zafi, suna fasa fatar ciki, fatar da ta fashe kuma ta fi saurin ɗaukar kowace irin cuta, ki kiyaye abin da za a ba ki ki cusa.

Ga sauran masu karatu da abin nasu bai daɗe ba, akwai maganin gaggawa da ake kira PEP, ana fara shi cikin awa 72 da faruwar abin, gwargwadon saurin farawa gwargwadon aikinsa, a sha kwana 28 ba fashi. Ba kasafai ake ba da shi dan na baki kaɗai ba sai in an kawo a bakin mai rauni kuma an san mutumin na da cutar baya kan magani, likita ne zai auna, amma wadda aka yi wa fyaɗe ko roba ta fashe kar ta kwana tana tunani, ta tafi asibiti a ranar. Wadda kuma mijinta ke da cutar ita bata da ita akwai PrEP da ake sha dan kariya har maganinsa ya danne cutar.

Ƙanwata ban manta da tsoron da yake ƙasan duk wannan ba, in aka ce akwai fa? Ina sa ran ba haka bane, amma ko da hakan ta faru ba mutuwa bace kuma ba ƙarshen aure bane. Yau ƙwaya ɗaya ake sha a rana, kyauta ake ba da ita a asibitocin gwamnati, mata suna aure da ita suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu in sun riƙe magani, kuma dokar ƙasa ta 2014 ta hana a nuna wa mai cutar wariya ko ma'aikaci ya fallasa sakamakonsa ba da izininsa ba. Sai dai a wannan halin wanda zai aure ki yana da haƙƙin ya sani kafin a ɗaura, ba a gina gida a kan ɓoye irin wannan, kuma masu ba da shawara a asibitin sun saba zaunar da mutum biyu su yi musu bayani, ba ke kaɗai za ki ɗauki nauyin faɗa ba. Riga su zuwa da na ce ki yi amfaninsa kenan, ki ji a keɓe ki samu lokacin tunani, ba a gaban gwaggo da kawu ba.

In kuma ya fito babu, wanda shi nake kyautata zato in sha Allah, to abin da ya wuce tsakaninki ne da Ubangijinki, kin yi nadama kin bari, ki roƙi gafararsa ki rufa wa kanki asirin da ya rufa miki, ba dole sai kin zauna kin zayyana wa ango ko ƙawaye ba. Lambar wancan tsohon saurayin kuma ki goge ta ki toshe shi ko ina, irinsu suna dawowa dab da biki da daɗin baki ko da barazana, in ya yi miki barazana da hoto ko saƙo kar ki biya shi kar ki je inda yake, ki samu babbar mace ɗaya a gidanku da kika yarda da ita ki faɗa mata.

Ki ci abinci yau ko ba daɗi, gobe ki karya kumallo kafin ki fita dan waɗannan gwaje gwajen basa buƙatar azumi, ki tafi da kwalayen kafson da kika sha ki nuna wa likita ya san abin da ya shiga jikinki. In kin karɓo sakamakon ki rubuto min ko mene ne, mu san abin yi na gaba. Allah ya ba ki lafiya, ya sanya albarka a auren.